FASHIN BAƘI: Na'urar jan ƙashin baya, abin da take yi da abin da masu tallarta ba sa faɗa

A garin Wudil, mutane da yawa da gadon bayansu suke cin abinci. Masu haƙar yashi a kogi kan wuni suna sunkuyawa suna ɗagowa, su cika kwalekwale, sannan su koma lodin tifa da shebur. 'Yan dako a kasuwar Juma'a kan saɓa buhun hatsi mai kilo 100, alhali tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada kayan da namiji baligi zai ɗauka shi kaɗai su wuce kilo 55. Ga direbobin da ke kwana a hanyar Kano zuwa Maiduguri, ga manoman rani da ke duƙe a kan fartanya, ga matan da ke daka da jan guga. Idan baya ya ƙi a irin wannan gari, tukunyar gida ce ke sauka daga murhu.

Irin waɗannan mutane, ta hannun 'ya'yansu masu riƙe da wayoyi, su ne tallar wata na'ura ke riska a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp. Bidiyon kusan iri ɗaya ne: mutum kwance a kan wani gado mai kama da na ɗakin tiyata, an ɗaure masa ƙugu da ɗamara, kwamfuta na gefe tana zana layuka, murya kuma na alƙawarin cewa faifan bayan da ya zame zai koma mazauninsa ba wuƙa, ba allura, ba ƙwaya. Wasu cibiyoyi masu zaman kansu a manyan birane irin su Legas da Abuja suna yin wannan aiki, kuma da tsada. Kafin wani ya kai sansa kara ko ya jinginar da gona domin ya kai mahaifinsa, ya kamata a san mece ce na'urar, kuma me aka gani da aka gwada ta.

Faifan da ake magana a kai

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka ɗora wani kan wani. Guda 24 daga cikinsu suna motsi: bakwai a wuya, 12 a daidai ƙirji, biyar a ƙugu. A tsakaninsu akwai wasu faifai masu taushi, 23 gaba ɗaya, waɗanda ke aikin gammo, suna shanye nauyi da girgiza kada ƙashi ya gogi ƙashi. Kowane faifai yana da ɓawo mai tauri a waje, da wani abu mai yauƙi a tsakiya wanda mafi yawansa ruwa ne. Da rana nauyin jiki yana matse ruwan, da dare ya koma. Shi ya sa mutum ya fi tsawo da kimanin santimita ɗaya da asuba a kan yadda yake bayan isha'i.

Idan ɓawon ya tsage, yauƙin kan bulluƙo ya taɓa jijiyar da ke fitowa daga laka. Wannan shi ake kira zamewar faifai, ko da yake sunan yana ruɗarwa, domin faifan a manne yake da ƙashi sama da ƙasa, babu inda yake zuwa. Bulli ne. Ya fi faruwa a faifai biyu na can ƙasan ƙugu, kuma alamarsa ita ce zafin da ke bin ɗuwawu da cinya har tafin ƙafa kamar jan wutar lantarki, wani lokaci da dindiris. Idan a wuya ne, zafin ya bi kafaɗa zuwa yatsun hannu. Matsi kaɗai bai isa ya bayyana zafin ba. Yauƙin da ya fito yana sa jijiyar ta kumbura, kumburin kuma yana da babban kaso a azabar.

Sai dai mafi yawan ciwon baya bai da alaƙa da wannan bulli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon baya a 2020, adadin da ake hasashen zai kai miliyan 843 a 2050, kuma a kusan kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon ba a iya nuna wata cuta ko wani rauni takamaimai a ce shi ne sanadi. Talla ba ta wannan rarrabewa. Duk wanda bayansa ke ciwo, a wurinta mai faifai ne.

An sauya wa tuwo suna

Abin da na'urar ke yi ba shi da wuyar fahimta. Ana ɗaure ƙirji a ɓangare ɗaya na gadon, ƙugu a ɗaya ɓangaren, sai mota ta ja su a hankali da ƙarfin da kan kai kimanin rabin nauyin mutum, ta riƙe na ɗan lokaci, ta saki, ta sake ja. Zama ɗaya kan ɗauki minti 30 zuwa 45, kuma yawanci ana sayar da shi a dunƙule, zama kusan 20 cikin makonni huɗu zuwa shida. Hujjar masu ita ita ce jan yana buɗe tazara tsakanin ƙasusuwa, matsin cikin faifan ya faɗi ƙasa, har faifan ya zuƙo bullin ya koma ciki kamar yadda sirinji ke zuƙo ruwa.

Jan baya tsohon aiki ne. Likitan Girka Hippocrates ya yi shi da benci da igiyoyi fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, Ibn Sina ya yi bayaninsa, kuma likitan Ingila James Cyriax ya farfaɗo da shi a shekarun 1950. Sassan gashi na asibitoci sun daɗe da gadajen ja masu sauƙin kuɗi. Abin da ya zo sabo a farkon shekarun 1990 shi ne kwamfuta da suna. Allan Dyer, tsohon babban jami'i a ma'aikatar lafiya ta lardin Ontario a Kanada, ya fito da na'urar VAX-D, daga baya kamfanin Axiom Worldwide na jihar Florida a Amurka ya fito da DRX9000, wasu kuma suka biyo baya. Dukkansu sun dage cewa abin da suke yi ya bambanta da tsohon jan baya, don haka kuɗinsa ma daban. A Amurka cikakken zagaye kan ci dubban daloli.

Maganar zuƙo bulli kuwa ta samo asali ne daga wani ɗan ƙaramin nazari da aka wallafa a 1994, inda aka auna matsin cikin faifan majinyata biyar suna kan VAX-D, aka kawo sakamakon uku daga cikinsu. Matsin ya faɗi yayin da ake ja. Nazarin bai nuna cewa bulli ya koma ba, bai kuma nuna abin da ke faruwa ba idan mutum ya sauko daga gadon, nauyin jikinsa ya koma kan faifan kamar yadda yake a da.

Tallar DRX9000 ta yi nisa fiye da haka. An yi ta shelar cewa fasahar ta samo asali daga hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, wai domin 'yan sama jannati kan rabu da ciwon baya idan suka bar nauyin duniya, kuma wai tana warkar da kashi 86 cikin ɗari. A 2007 ofishin babban lauyan jihar Oregon ya ɗauki mataki kan wannan talla, aka ƙare da yarjejeniyar biyan kuɗi da daina iƙirarin. Abin mamaki ma shi ne labarin 'yan sama jannatin a juye yake: ciwon baya na cikin ƙorafe-ƙorafensu na yau da kullum a can sama, kuma wani nazari na 2010 ya gano cewa bullin faifai ya fi yawa a cikinsu da fiye da ninki huɗu a kan takwarorinsu da ba su taɓa barin ƙasa ba.

Akwai kuma jimlar da ba a rasa ta a irin wannan talla, cewa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar. Hukumar tana da ƙofa biyu. Ta farko tana neman gwaji mai tsauri a kan majinyata. Ta biyu tana neman kamfani ya nuna kawai cewa na'urarsa ta yi kama da wata da tuni take kasuwa. Ta ƙofa ta biyu waɗannan gadaje suka shiga, kuma abin da aka ce sun yi kama da shi shi ne tsohuwar na'urar jan baya mai mota. Wato a gaban hukuma sun ce su tsohon abu ne, a gaban mai saye kuma sun ce su sabo ne. Tun a 1997 shirin inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnatin Amurka, Medicare, ya yanke cewa ba zai biya kuɗin VAX-D ba saboda ƙarancin hujja.

Da aka gwada

Hanyar gane ko magani na aiki ita ce a raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu na gaske, a ba wasu na bogi ba tare da sun sani ba. An yi haka a ƙasar Holan, aka wallafa sakamakon a 2009. Majinyata 60 masu daɗaɗɗen ciwon baya suka hau ɗaya daga cikin irin waɗannan gadaje sau 20 cikin makonni shida. An ja rabinsu da cikakken ƙarfi, sauran kuma da ɗan abin da bai kai ya yi komai ba. Ɓangarorin biyu sun samu sauƙi, kuma babu bambanci tsakaninsu.

A 2013 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwaje ta auna nauyinsu, ta duba gwaji 32 da suka ƙunshi mutum 2,762, ta ƙare da cewa jan baya ba ya wani tasirin a zo a gani wajen rage zafi, ko dawo da ƙarfin aiki, ko mayar da mutum bakin sana'arsa. A 2016 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, ta umarci likitocinta kada su ba da shi ga mai ciwon baya, ko zafin ya sauka ƙafa ko bai sauka ba. A watan Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan daɗaɗɗen ciwon baya, ta sa jan baya a jerin abubuwan da ba ta ba da shawarar yi ba, tare da ɗamarar ƙugu da ƙwayoyin kashe zafi dangin tiramadol.

Domin adalci, akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna sauƙi na ɗan lokaci ga masu zafin da ke sauka ƙafa idan aka haɗa jan da motsa jiki, kuma a ciwon wuya mai bin hannu wasu likitocin gashi suna amfani da shi a matsayin ƙari. Amma ko a nan maganar ta tsaya ne kan jan baya na yau da kullum. Babu gwaji mai inganci da ya nuna cewa gado mai kwamfuta ya fi gadon da ba shi da ita.

To me ya sa ake samun masu rantsuwa cewa sun warke? Galibinsu gaskiya suke faɗa, sun warke ɗin. Bullin faifai na cikin abubuwan da jiki ke gyarawa da kansa: garkuwar jiki tana ɗaukar yauƙin da ya fito a matsayin baƙo, ta cinye shi sannu a hankali. Wani nazari na 2017 da ya haɗa bincike da dama ya gano cewa kimanin kashi biyu cikin uku na bullin faifan ƙugu kan ragu ko ya ɓace ba tare da tiyata ba, kuma wani na 2015 ya nuna cewa manyan bulli, waɗanda suka fi ban tsoro a hoto, su suka fi saurin shanyewa. Mutum kuma ba ya neman magani sai ciwo ya kai maƙura, daidai lokacin da sauƙi ya kusa. Idan ya shafe makonni shida yana zuwa ana kwantar da shi, ya kuma huta da ɗaukar buhu, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Hoton MRI ma, wanda ake ɗaga wa majinyaci a nuna masa bullin da yatsa, yana buƙatar taka tsantsan. A 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba su da wani ciwo a Amurka, aka tarar fiye da rabinsu suna da faifan da ya kumburo. Wani nazari na 2015 ya nuna cewa a cikin masu lafiya lau, kashi 30 cikin ɗari na 'yan shekara 20 da kashi 84 na 'yan shekara 80 suna da irin wannan kumburi. Kamar furfura yake, yana zuwa da shekaru.

Tallar tana kuma jingina da tsoron wuƙa, kamar zaɓi biyu ne kawai, ko gadon ko tiyata. Wani gwaji da aka wallafa a 2007, shi ma daga Holan, ya bi mutum 283 masu zafin da ke sauka ƙafa. Waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun fi saurin samun sauƙi, amma bayan shekara ɗaya kusan kashi 95 cikin ɗari na kowane ɓangare sun murmure, kuma mafi yawan waɗanda aka ce su dakata ba su kai ga tiyatar ba.

Bayan da bai kamata a ja ba

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar illa. Babbar ita ce a kwantar da mutumin da ciwonsa ba na faifai ba ne a yi ta jansa ana ƙirga zama. Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma ƙwayar cutar kan sauka a ƙashin baya ta ci shi har ya rufta, ta bar mutum da doro ko shanyewar ƙafafu. Alamunta su ne ciwon da ke tsananta da dare, zazzaɓi, gumin dare da rama, kuma maganinta kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. A gari mai babbar kara irin Wudil akwai kuma cutar shanu da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke kama mutum ta hanyar ɗanyar madara ko taɓa mahaifar dabba, ita ma takan zauna a ƙashin baya. Sankarar mama ko ta mafitsara kan bazu zuwa can. Jan irin wannan ƙashi ganganci ne. Haka nan ba a jan mai juna biyu, ko mai karaya, ko tsohon da ƙashinsa ya yi laushi, ko wanda aka sa wa ƙarfe a baya.

Ko mai bullin faifai na gaskiya bai tsira baki ɗaya ba. A 2003 likitocin asibitin Mayo Clinic a Amurka sun ba da rahoton wani majinyaci da bullinsa ya ƙaru farat ɗaya yana kan VAX-D, sai da aka yi masa tiyatar gaggawa.

Akwai alamun da ba sa jiran gobe: kasa fitsari ko zubarsa ba da sani ba, kasa riƙe bayan gida, dindiris a tsakanin cinyoyi da al'aura, ko ƙafa tana mutuwa tana ƙara rauni. Wannan yana nufin an danne tarin jijiyoyin da ke can ƙasan laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin nakasa ta har abada. Mai irin wannan alama asibiti ya nufa a ranar, ko Babban Asibitin Wudil domin a tura shi gaba, ko kai tsaye Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Lissafin mutumin Wudil

Abin da jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ba ya buƙatar na'ura mai tsada: a fahimtar da majinyaci ciwonsa, a tsara masa motsa jiki, a yi masa tausa ko gyaran gaɓɓai a hannun ƙwararre, a taimaka masa ya rage tsoron motsi, a ba shi maganin kumburi irin su ibuprofen na ɗan lokaci idan cikinsa da ƙodarsa za su ɗauka. Doguwar kwanciya tana ƙara ciwon ne. Tafiya da komawa aiki a hankali sun fi. Duk wannan aikin likitan gashi ne, kuma Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye su.

Matsalar ita ce inda suke. Manyan sassan gashi suna cikin birnin Kano, a Dala da asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala, kimanin kilomita 40 daga Wudil. Gashi kuma ba zuwa ɗaya ba ne. Ɗan dakon da zai je sau biyu a mako ya rasa kuɗin mota, ya rasa aikin yinin. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya ke fitowa daga aljihun majinyaci, kuma mafi ƙarancin albashin jihar Kano yake Naira dubu 71 ga wanda ma yake da albashin, ba abin mamaki ba ne mutum ya tsaya a kemis, ko wurin wanzami a yi masa ƙaho, ko ya faɗa wa tiramadol domin ya iya fita aiki. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan ƙwayoyi ba da izinin likita ba. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 tana nan a rubuce, amma mai haƙar yashi ba shi da takardar ɗaukar aiki, balle ubangidan da zai zuba masa kaso a asusun NSITF. A cikin wannan giɓi ne alƙawarin warkewa cikin zama 20 ke samun kunnen saurare.

Hukumomin da ya kamata su tsaya tsakanin majinyaci da mai talla suna nan da sunayensu. NAFDAC ce ke rajistar na'urorin jinya da ake shigowa da su. Hukumar MRTB, wadda aka kafa da dokar soja ta 1988, ita ke ba likitocin gashi da masu gyaran ƙashin baya lasisi. ARCON, ƙarƙashin dokarta ta 2022, tana da ikon tantance talla kafin ta fita, har da ta intanet. A jihar Kano kuma PHIMA ce ke sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, kuma ta sha rufe waɗanda ba su cika ƙa'ida ba. Rajistar na'ura dai tana nuna an yarda ta shigo kasuwa ne, ba ta tabbatar da kaso nawa take warkarwa, don haka duk cibiyar da ta buga adadi irin na kashi 86 ya kamata a nemi ta kawo gwajin da ya haifar da shi.

Wanda duk da haka ya yanke shawarar gwada gadon, jan baya a hannun ƙwararre ga wanda aka tantance ba kasafai yake cutarwa ba. Hakkinsa ne ya nemi ganin lasisin wanda zai ɗaure shi, ya tabbatar likita ya duba shi ya kawar da tarin fuka da sankara da karaya kafin a fara, ya kuma tambaya ko akwai motsa jiki a cikin tsarin ko kwanciya ce kawai. Idan aka ce sai ya biya kuɗin zama 20 a dunƙule tun ranar farko, ya nemi a rubuta masa nawa za a mayar masa idan ya tsaya a zama na biyar.